Content ID na YouTube a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Turai

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a YouTube ya bi ta hannun Content ID, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan tsari, wanda kamfanin ya fara aiki da shi a 2007, yana gwada sauti da hoton kowane sabon bidiyo da tarin waƙoƙi da fina-finan da masu haƙƙin mallaka suka ajiye a rumbunsa. Idan ya ga kamanni, sai ya ba mai haƙƙin zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ko ya karɓe kuɗin tallar da ke cikinsa, ko ya ƙyale shi yana bibiyar yawan masu kallo. A 2018 Google, mamallakin YouTube, ya ce ya riga ya kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina shi.

Abin da ya sa na ga ya dace a sake auna wannan rariya ta Content ID shi ne dokar da Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta amince da ita ranar 26 ga Maris, 2019, da ƙuri'a 348, yayin da 274 suka ƙi. Sashen da ya tayar da ƙura, wanda aka sani da sashe na 13 kafin ya koma na 17, ya ɗora wa dandamalin intanet irin su YouTube alhakin abin da jama'a suka ɗora a kansu, sai fa in sun nuna sun yi iyakar ƙoƙarinsu wajen neman izinin masu haƙƙi da hana sake ɗora abin da aka riga aka cire. A da, dandali ba ya shiga laifi muddin ya sauke abu bayan an kai masa ƙorafi. Dokar ba ta ambaci rariya da suna ba, amma a dandalin da ake zuba wa bidiyon sa'o'i 500 a kowane minti, babu yawan ma'aikatan da za su iya duba su da ido.

Abin mamaki, shugabar YouTube ta lokacin, Susan Wojcicki, tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a 2018 cewa dokar barazana ce ga masu ƙirƙira, alhali kamfaninta ne ya fi kowa shirin cika sharuɗɗanta. Ƙananan dandamali ne abin ya fi yi wa nauyi, domin sassaucin da aka yi ya tsaya ne ga wanda bai kai shekara uku ba kuma cinikinsa na shekara bai kai yuro miliyan 10 ba.

Wajen gano kwafi, Content ID ya cancanci yabo ba tare da rowa ba. Rahoton da YouTube ya fitar kan watanni shida na farkon 2021 ya nuna tsarin ya yi da'awar haƙƙin mallaka fiye da miliyan 700 a kan bidiyoyi, kuma waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ga mawaƙin da ake kwashe masa waƙa ana cin kuɗi da ita, wannan babban gata ne, musamman da yake yana iya barin bidiyon ya ci gaba da yawo kuɗin kuma na shiga aljihunsa.

Rauninsa yana wajen fahimtar manufa. Na'ura tana jin cewa sauti ya yi daidai da wani, amma ba ta san ko an kawo shi ne don sharhi, ko suka, ko barkwanci ba, alhali waɗannan su ne dokar Turai ta ce dole a bar wa jama'a. A 2018 wani mawaƙi ɗan Ostireliya ya sami da'awa biyar a kan bidiyon sa'o'i goma da ba ya ɗauke da komai sai ƙarar shuuu irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Rahoton 2021 ɗin ma ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafen da aka shigar, mai ɗora bidiyon ne ya yi nasara. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar ƙorafin kanta, domin wanda ya yi da'awar shi ne ke fara yanke hukunci, kuma yana da kwana 30 kafin ya amsa, lokacin da bidiyon da ya shafi labarin yau ya riga ya yi sanyi. Ga shi kuma cikakkiyar damar amfani da tsarin tana hannun manyan kamfanoni da dillalan waƙa, ƙaramin mai ƙirƙira kuwa sai ya haƙura da kayan aikin da ba su kai shi ƙarfi ba.

Polan ta kai ƙara Kotun Tarayyar Turai tana neman a soke sashen, kotun kuma ta yi watsi da ƙarar ranar 26 ga Afrilu, 2022, tare da jan kunnen cewa ba a yarda da rariyar da ke toshe halastaccen abu ba. Jamus ta fi sauran ƙasashe fayyace lamarin a dokarta ta 2021, inda ta ce guntun bidiyo ko sauti da bai wuce daƙiƙa 15 ba, idan ya cika wasu sharuɗɗa, za a ɗauke shi halastacce har sai an tabbatar da akasin haka. A ganina wannan ne gyara mafi amfani da aka yi, sai dai bai game dukkan Turai ba.

Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango da suka mayar da YouTube kasuwarsu ba sa ƙarƙashin dokar Turai, amma rariyar ɗaya ce take tace kowa, kuma mai haƙƙi yana iya toshe bidiyo ƙasa-ƙasa. Fim ɗin da ake kallo lafiya lau a Kano yana iya ƙin buɗewa ga mai kallo a Hamburg saboda guntun kiɗan da aka aro aka sa a bayan wata fitowa.