Na saurari littafin Patrick Stewart na murya, ga ra'ayina

Jiya da daddare na ƙarasa shi, sati uku ina binsa kaɗan kaɗan, da safe a hanyar zuwa aiki da kuma bayan isha'i idan yara sun kwanta. Sunan littafin Making It So, ya fito a 2023, akwai na takarda akwai na murya, ni na muryar na saya a waya. Tun yanzu in faɗa muku, duk mai niyyar saye ya sayi na muryar, saboda shi da kansa dattijon ya karanta, kuma muryar nan tasa ita ce rabin kuɗin.

Ga wanda sunan bai faɗo masa ba, shi ne mai sanƙon nan da ke zaune a keken guragu a finafinan X-Men, Farfesa Xavier. Ni ma iyakar sanin da na yi masa kenan sai kuma Star Trek da yayana ke kallo muna yara, na ɗauka irin turawan nan ne ƴan gidan masu kuɗi saboda yadda turancinsa ke fita tar kamar na mai karanta labarai. Ashe ba haka bane ko kusa.

An haife shi a 1940 a wani ƙaramin gari Mirfield a yankin Yorkshire, arewacin Ingila. Gidansu ɗaki ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, banɗaki a waje, babu ruwan zafi a famfo a ƙasar da sanyi ke kashe mutum. Mahaifiyarsa Gladys saƙa take yi a masaƙa, mahaifinsa Alfred kuma soja ne da ya kai Saje Manjo a yaƙin duniya na biyu, ya dawo gida ya zama ba kowa ba. To idan ƙarshen sati ya zo mutumin nan sai ya je ya sha giya ya dawo ya hau matarsa da duka, yaran suna ji suna gani, shi Patrick yana ƙaramin yaro har ya gane daidai lokacin da ya kamata ya shiga tsakaninsu da jikinsa. Wallahi a wajen nan sai da na faka mota gefen titi na kashe wayar na ɗan zauna. Ba kuka yake ba, ba ya ma ɗaga murya, a hankali yake faɗa, tsoho ɗan shekara 83 yana ba da labarin uwarsa. Na tuno wata maƙwabciyarmu da muke jin ihunta ta katanga muna yara, manya su ce ba ruwan kowa tsakanin miji da mata, da safe ta fito ɗibar ruwa ta ja mayafi ta rufe gefen fuska mu gaishe ta kamar ba abinda ya faru. Shi sai bayan ya tsufa ya gano cewa yaƙi ne ya taɓa ƙwaƙwalwar uban nasa, bai ce hakan ya wanke shi ba, amma ka ji yana ƙoƙarin fahimtarsa. Shi yasa har yau yake tallafa wa ƙungiyar kare matan da ake duka da kuma ta tsofaffin sojoji masu irin wannan ciwon.

Wani abin da takarda ba za ta baka ba shi ne harshen garinsu. Idan ya zo maganar mutanen Mirfield sai ya juye zuwa karin Yorkshire na asali, nan fa sai na koma baya sau biyu sau uku kafin in kama. Wanda turancinsa bai zauna sosai ba ya rage gudun karatun, akwai wajen yin haka a manhajar.

Malaminsa na turanci Cecil Dormand ne ya fara miƙa masa wasan kwaikwayo na shahararren marubucin Ingila Shakespeare ya ce tashi ka karanta. Ya bar makaranta yana 15, ya yi aikin jarida na ɗan lokaci aka ce ya zaɓa ko jarida ko wasan kwaikwayo, ya bar jaridar, ya sayar da kujeru da gadaje a shago, ya shiga makarantar wasa ta Bristol Old Vic a 1957, kafin ya kai 20 gashin kansa ya zube. Ya yi yawon wasa da shahararriyar ƴar wasa Vivien Leigh har Ostireliya, a 1966 ya shiga babbar ƙungiyar wasa ta Royal Shakespeare Company ya daɗe a can shekara da shekaru yana wasan dandamali.

A nan ne korafina yake. Tsakiyar littafin ya yi tsawo, sunayen daraktoci da gidajen wasa da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya waɗanda in ba ɗan Ingila bane kai ba ka san su ba, ga littafin ya haura awa 18, akwai ranar da na yi minti arba'in ina ji ban riƙe komai ba. Sannan maganar aurensa biyu da suka mutu, ya amsa laifinsa amma da sauri ya wuce, na so ya tsaya a kai kamar yadda ya tsaya kan na ubansa.

Da aka zo 1987 labarin ya sake ɗaukar wuta. Yana da shekara 46 aka kira shi Amurka ya zama Kyaftin Picard a shirin talabijin na Star Trek, shi mai shirin Gene Roddenberry da farko bai ma son Bature ɗan Ingila mai sanƙo, shi kuma Patrick makonnin farko ko akwatinsa bai kwance ba don ya tabbata korarsa za a yi. Shirin ya yi zango bakwai har 1994. X-Men kuwa da ya fara a 2000 bai bashi fili sosai ba, masoyan Farfesa Xavier kar ku sa rai da yawa.

Ku sauke shi gaba ɗaya inda akwai wifi don yana cin data, kuma ku sa abin kunne, a sifikar mota hayaniyar titi tana cinye wuraren da yake magana ƙasa ƙasa. Na bashi huɗu cikin biyar. Babi na farko zuwa inda ya bar Mirfield kuma zan sake saurare da maiɗakina cikin satin nan in sha Allah.