Dajin Bristlecone a Kalifoniya: wuri ne da ya cancanci wahalar hawa

Duk wanda ke zaune a Amurka ko ya shigo ziyara ɓangaren Kalifoniya, don Allah ya ware rana guda ya hau tsaunukan White Mountains ya ga bishiyoyin fayin (wato pine) da ake kira Bristlecone, masu rayuwar dubban shekaru. Daga garin Big Pine ake ɗaukar hanya mai lamba 168, sai a karkata kan titin da ke hawa dutsen, kwalta ce har cibiyar baƙi ta Schulman Grove amma fa kwana-kwana ce sosai, mai jin amai a mota gara ya zauna gaba. Wurin yana kan tsayin kusan mita 3,000, babu gidan mai babu gidan abinci a sama, to cika tankinka tun daga ƙasa ka riƙo ruwa mai yawa, har da na alwala.

Cibiyar kanta gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Tsohon ginin ya ƙone a 2008, wannan sabon an buɗe shi a 2012, tsaf-tsaf, kuɗin shiga 'yan daloli ne kawai. Ma'aikatan gandun dajin suna da haƙuri, za su tsaya su nuna maka yadda ake ƙirga shekarun itace daga zoben da ke cikinsa, kuma zoben nan a matse suke har wani wurin shekara 100 ba ta fi faɗin babban yatsa ba. Wallahi sai da na ɗan yi shiru da na ga haka.

Hanyoyin ƙafa kuma an gyara su an sa alamomi. Akwai gajeriya ta Discovery wajen kilomita 1.5, ita nake ba masu yara da dattawa shawara, sai doguwa ta Methuselah wajen kilomita 7 mai zagayowa. Kar nisan ya ruɗe ka, iskar sama ba ta ƙoshi, taku kaɗan sai ka ji ƙirji yana bugawa kai yana sarawa, ga rana tana cizo ga iska mai sanyi a lokaci guda. A tafi a hankali, a sha ruwa, wanda ya ji jiri ko amai ya sauko ƙasa kawai ba a jarumta da tsauni.

Su kuma bishiyoyin, kai! Ba dogaye ba ne, a murɗe suke kamar an matse wanki, yawancin jikin babu ɓawo sai itace tsirara ruwan zinari da iska da ƙanƙara suka goge, ka rantse ta mutu, sai ka zagaya baya ka ga siririn ɓawo ɗaya ya hau har reshe mai kore shar, da shi kaɗai take rayuwa. Ƙasar wurin farin dutse ne da ba kowane tsiro ke iya zama a kai ba, shi ya sa babu ciyawar da za ta ja gobara, itacen kuma ga tauri ga ƙaro, ƙwari ba sa iya masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su sa alama a kan Methuselah ba, bishiyar da masani Edmund Schulman ya gano a 1957 wadda ta haura shekara 4,800. Na ji wasu baƙi suna ƙorafi wai sun biya ba a nuna musu ba, ni kam ina bayan ma'aikatan ɗari bisa ɗari, da an nuna ta da tuni masu hoto sun tattake saiwarta masu wuƙa sun rubuta sunayensu. A 1964 ma an sare wata tsohuwa irinta a Nevada da sunan bincike.

Mai mota mai tsayi zai iya ƙarasawa Patriarch Grove, wani kurmin bishiyoyin da ke can gaba, kusan kilomita 20 ne na birji mai girgiza, ƙaramar motar haya kam ban ba da shawara ba. Kuma dusar ƙanƙara tana rufe hanyar da hunturu, yawanci daga tsakiyar Mayu zuwa Nuwamba ake samun shiga, a duba kafin a kama hanya.