Motar kwana da ruwa ya shiga ta daina karɓar wutar NEPA: me ya kamata ka saya?

Jefi-jefi ana ganin tsofaffin motocin kwana a Abuja, masu gado da kicin da banɗaki a ciki, galibi tokumbo daga Amurka. Wasu daga gwanjon motocin da ambaliya ta shafa suka fito, wasu kuma a nan ruwan Agusta ya same su ta rufin da ya tsage. Ƙorafin dai ɗaya ne: fitilu na ci da batir, amma in an jona wayar waje da wutar gida, shiru.

Kafin ka je kasuwar kayan mota ta Apo neman kaya, duba farantin da ke jikin akwatin wutar. Motar Amurka bolt 120 take sha, wutar AEDC, kamfanin wutar Abuja, kuwa 230 ce. Filogin motar mai amfiya 30, mai baki uku, yana kama da na wuta mai ƙarfi, shi ya sa wani mai wayarin zai haɗa shi kai-tsaye da soket ɗin gida ya ƙone cajar batirin motar nan take, a ɗora wa ruwa laifi. Motar Turai mai shuɗin filogi ba ta da wannan matsala.

Hanya mafi araha ita ce a bi wutar da mitar gwaji daga filogi zuwa ciki, a ga inda ta tsaya. Sau da yawa soket ɗin kariya ne, mai maɓallan nan biyu a tsakiya, na kicin ko banɗaki. Da ya ji damshi sai ya yanke, ya tafi da duk soket ɗin da ke bayansa. In ya ƙi komawa bayan motar ta bushe, sabo za ka saya; ba a wanke shi a mayar.

Na biye da shi ita ce na'urar sauya wuta tsakanin janaretan motar da wutar waje. Galibi a ƙasa-ƙasa ake ajiye ta, kusa da inda wayar ke shigowa, don haka ita ruwa ke fara samu. Gwajinta ba wuya: in janareta na ba da wuta a ciki amma NEPA ba ta shiga, ita ce ko wayar da ke gabanta. Za a ce maka a goge bakin da samfefa a fesa mai. Zai yi aiki na ɗan lokaci, amma mahaɗin da ya yi koren tsatsa zafi yake ɗauka, zafi kuma a cikin mota mai bangon katako da soso gobara ce. Ni dai a nan ba na tsimi. Ko dai sabuwa daidai amfiyar motar, ko canjoba na hannu mai kyau, wanda ya fi sauƙin samu a kasuwa kuma kowane mai wayarin gida ya san shi.

Sai caja, wadda ke mayar da wutar gida bolt 12 ta cika batir. Tsofaffi irin Magnetek sun riga sun gaji ko ruwa bai taɓa su ba. Na kamfanonin WFCO da Progressive Dynamics su ne ake maye gurbinsu da su, sai dai odarsu ake yi daga waje, kuma su ma galibinsu 120 suke nema.

Babbar shawarar tana nan: ka bar motar a tsarin Amurka, ko ka mayar da ita namu? In ka bar ta, dole taransifoma mai rage wuta. Amfiya 30 sau 120 wat 3,600 ke nan, saboda haka na kVA 5 ne zai ɗauka ba tare da wahala ba, kuma nauyi ne da shi. Taransifoma kuma ba ya gyara bambancin zagayen wuta, sau 60 a daƙiƙa a can, 50 a nan, shi ya sa na'urar sanyaya motar ke rage ƙarfi tana ɗaukar zafi. Wannan hanya ta dace da wanda ruwa ya taɓa wa gefe ɗaya kawai, sauran kayansa na aiki.

In ruwa ya haye daɓen motar, ko ka buɗe akwati ka ga laka ta bushe a kan bireka, kar ka tsaya faci. A cire tsohon wayarin, a sa sabon allo na 230 mai bireka ta kariya daga shokin, da inbata mai caja da batir, in da hali a ɗora sola a rufi. Kuɗin farko ya fi yawa, kuma firji da na'urar sanyaya motar sai an canja, amma daga nan duk abin da ya lalace a gari za ka same shi.

Mai gyaran da za ka kira ya zama mai wayarin gida ne; rewayan mota bolt 12 ya saba da shi. Kuma a fara toshe rufin da ke yoyo kafin a ɗaura ko waya ɗaya sabuwa.