Akwatin ɗaura ƙwaron fatsa: ƙarfen ya biya kuɗinsa, gashin tsuntsun kuwa da sauran magana

Masu tambayata ko akwatin ɗaura ƙwaron bogi da na sa aka kawo mini daga Ingila ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce rabinsa ya cancanta. A ciki akwai mariƙin ƙugiya na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur, da ƙaramin almakashi, da hantsakin naɗa gashi, da kakin zuma, da zaren siliki kala uku, da ƙugiyoyi lamba 12 da 14 da 16. Sai ƙunshin gashin zomo da aka cakuɗa, da ƙunshin gashin wani tsuntsu ɗan'uwan fakararmu.

Ga wanda bai san sana'ar ba, wannan fatsa ce da ba a sa tana ko ƙullin gari. Ƙugiyar ake yi wa sutura har ta yi kama da ƙwaron da ya nutse, ko wanda ke ƙoƙarin tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Salon mai laushin gashi ya yi suna ne a rafukan Yokshaya da ke arewacin Ingila, kuma tun 1885 T. E. Pritt ya tattara ire-irensa a littafi. Sirrinsa ƙarancin kaya: siliki siriri a jikin ƙugiya, ɗan gashin dabba kaɗan, sai gashin tsuntsu zagaye ɗaya ko biyu a wuya. Idan ya jiƙe, zaruruwan gashin su riƙa buɗewa suna rufewa da motsin ruwa, kifi ya ɗauka abu ne mai rai.

Mariƙin ba ni da ƙorafi a kansa. Yana cafke lamba 16, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, ba ta zamewa ko an ja zare da ƙarfi. Silikin ma na gaske ne. Mai ruwan lemu yana ƙara duhu idan ya jiƙe, mai ruwan ɗorawa kuma idan aka goge shi da kaki sai ya karkata zuwa kore-kore, irin launin ƙwarin ruwa. Almakashin dai na cika akwati ne, na tela ya fi shi kaifi.

Gashin zomon shi ya fi burge ni. Sun haɗa lallausan gashin ciki da tsinin gashin waje mai ɗan tauri, shi ya sa idan ka murza shi a zare jikin ƙwaron ba ya yin sumul, sai ya fito da 'yan ƙafafu ta ko'ina. Daga gare shi na koyi yin nawa haɗin. Ina tsinko gashin fuskar zomo da na kunnensa, in ƙara ɗan ulun tunkiya da na yayyanka ƙanana, in zuba a kwalba da ruwa in girgiza, in tace a tsumma ya bushe. Haɗawa da ruwa ta fi a Jos, domin lokacin hunturu busasshen gashi tashi yake yi, ya manne a yatsa da riga, rabi ya tafi hanci. Ulun kada ya rinjayi zomon, in ba haka ba ƙwaron ya yi ƙiba. Ma'aunina shi ne a riƙa hango launin siliki ta cikin gashin.

Inda aka cuce ni shi ne gashin tsuntsun. Tsintattu ne aka cusa a leda, galibinsu manya, wasu a karye. Ƙugiya lamba 14 tana son ƙaramin gashin wuya ko na baya, wanda tsawonsa bai wuce ƙugiyar da yawa ba, kuma da ƙyar na tsamo irinsa. Wanda zai saya gara ya nemi fatar tsuntsun sukutum, ya riƙa zaɓar girman da yake so.

Ko kuma ya nufi wajen masu fige kaji a kasuwa. Da na roƙi wani ya ware mini gashin zabo tun kafin a tsoma shi a ruwan zafi, kallona ya yi ya ce, "Malam, magani za a haɗa ne?" Gashin zabo yana da zanen ɗigo-ɗigo mai kyau, sai dai ya fi tauri da tsawo, don haka a lamba 12 ya fi zama, kuma ina zare gefe ɗaya kafin in naɗa. Na wuyan kaza mace ya fi shi laushi. Na zakara kuwa a bar shi, tsayawa yake ƙiƙam a ruwa. Duk wanda na kawo gida sai na wanke shi da sabulu, ya bushe, ya kwana biyu a firiza saboda ƙwarƙwata da asu.

Na gwada su a tsofaffin kududdufan haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru. An ƙirƙiri waɗannan ƙwari ne don ruwa mai gudu, shi kuwa kududdufi a tsaye yake, dole kai ne za ka ba ƙwaron rai, ka bari ya ɗan nutse sannan ka riƙa jan igiya a hankali kana dakatawa. Ƙananan karfasa sun fi kai wa mai ruwan lemu cafka da yamma. Tarwaɗa ko kallo bai ishe ta ba, ita tana ƙasa tana bin ƙanshi. A kula da gaɓar waɗannan ramuka, zurfinsu daga baki yake farawa.

Da zan sake saye, mariƙi da siliki da ƙugiyoyi kawai zan yi oda, tunda kuɗin dako kaɗai ba ƙarami ba ne. Zomo da zabo da kaza duk akwai su a nan Filato.