Mai ne ya yi wa kafireto yawa, ko iska ce ta fi ƙarfinsa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan Honda CG125 ɗin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wanda ka tayar bayan ya daɗe jingine a zaure. Ka ce an sa sabon fistin da ringi, amma da safe sai ka yi ta buga kik, kana maida cok ya mutu, in ya yi zafi silo ya ƙi sauka da wuri, kuma da ka murɗa totur da ƙarfi sai ya shaƙe. Bakanike ɗaya ya ce mai ne ya yi yawa, a rage jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da fetur ke bi a cikin kafireto. Ɗayan ya ce mai ya yi kaɗan, a ƙara. Kada ka bari kowannensu ya canza maka jet tukuna, domin babur ɗin da kansa zai faɗa maka wanda ke da gaskiya.

Inji yana ƙona fetur sarai idan ya samu iska kashi 14.7 kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Aikin kafireto ke nan, ya tsaya kusa da wannan haɗin, ya ɗan karkata wajen mai. Babur ɗin da mai ya yi wa yawa yakan tashi da sanyin safiya ko ba cok, har ka ɗauka lafiyarsa lau. Sai ya yi zafi halinsa yake fitowa: yana gurnani yana tsitstsinkewa, ga nauyin jiki, ga baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur a salansa, tanki kuma ba ya auki. A zafin Afrilu, lokacin da Katsina ke taɓa digiri 40, abin ya fi tsananta, saboda iska mai zafi ba ta da kauri, man kuma yana nan yadda yake. Wanda iska ta fi ƙarfinsa akasin haka yake. Safiyar hunturu ta Disamba da Janairu ita ce lokacin wahalarsa, ba ya tsayuwa sai da cok, yana ɗumama yana samun dama-dama. In ka saki totur, silo yakan maƙale a sama kafin ya sauko, salansa na iya fas-fas a gangara, kan injin kuma ya yi zafin da ya wuce misali.

Gwaji mafi arha shi ne cok. Bari inji ya yi zafi, ka hau, in ka zo daidai inda yake shaƙewa ka ɗan ja cok rabi. In ya warware, mai yake nema. In ya ƙara nauyi ko ya mutu, man ya riga ya ishe shi.

Sai fulogi, wanda shi ne shaidar da na fi yarda da ita. Lafiyayye bakinsa ƙasa-ƙasa ne, kalar shayi da madara. Baƙin gari busasshe da ke goguwa a yatsa, mai ya yi yawa. Fari fat, wani lokaci har da ƴan ƙuraje a jikin tangaran ɗin, iska ce. Akwai baƙi na uku da ke ruɗa mutane, mai danshi da maiƙo. Wannan baƙin mai ne ke haurowa, ba ruwan kafireto, kuma tunda ringinka sabo ne bai gama zama ba, kana iya ganinsa. Amma fa fulogi labarin ƙarshen tafiya kawai yake bayarwa. In ka dawo gida ka bar babur yana silo a ƙofar gida sannan ka kwance shi, labarin silo ka karanta. Ka yi wa hannun totur alama da alli, kwata, rabi, kwata uku. Ka fita da sassafe inda hanya ta miƙe ba cunkoso, irin bayan gari ta hanyar Daura, ka riƙe totur a alama ɗaya kamar minti guda, ka damƙe kuloci ka kashe inji lokaci ɗaya, ka gangara gefe ka duba. Da sabon ringi kada ka yi wannan a cikakken totur sai inji ya sake.

Dalilin alamar shi ne kafireto ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Daga silo zuwa wajen kwata, ƙaramin jet da sukurun haɗi ne ke aiki. Daga kwata zuwa kwata uku, allura ce da bututun da take shiga. Babban jet sai daga kwata uku zuwa ƙarshe yake da ta cewa. Duk abin da ka lissafa, wahalar tashi da maƙalewar silo da shaƙewa a farkon totur, a ƙasa yake faruwa. Ko an canza babban jet sau goma ba zai taɓa shi ba.

A tsohon babur, abin da ke kawo yawan mai yawanci tsufa ne da ƙura. Soson iya-kilina ya toshe da ƙurar hunturu, ko an tsoma shi a baƙin mai ba a matse ba. Fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur a kwanon kafireto yana tsayar da mai in ya cika, ya huje ya sha fetur, in ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji ruwa a ciki, ko ƙaramar allurarsa ta ci ta daina rufewa, mai na ɗiga ta tiyon ƙasa. Bututun allura ma yakan buɗe saboda gogayyar shekaru. Akwai kuma aikin hannu: wani ya zura wayar burki a jet don ya buɗe shi, tagulla kuwa ba ta da tauri, ramin ya faɗaɗa har abada.

Ƙarancin mai kuma daga zama yake zuwa. Fetur ɗin da ya bushe a kwanon kafireto yana barin danƙo, ramin ƙaramin jet kuwa da ƙyar ake hango haske ta cikinsa. In tankin yana da tsatsa, ko ana shan man bumburutu ba a tacewa, yau ka wanke gobe ya sake toshewa. Sai ɓarauniyar iska, ta gaskit ko zoben roba da ke tsakanin kafireto da kan inji, wanda rana da shekaru suka busar. Ka bar shi yana silo ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a wurin haɗin, nesa da salansa da wuta. In ƙarar ta canza, ka kama ɓarauniyar. Ka kuma tabbata akwatin iya-kilina na asali yana nan da sosonsa. Masu gyara da yawa suna yar da shi don ya ruɓe, alhali da shi kamfani ya auna jet ɗin. Honda ta fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashe irin namu masu ƙura da ƙarancin sabis, shi ya sa ta ba shi soson da ake wankewa a mayar.

Wajen haɗari, yawan mai da ƙarancinsa ba su zo ɗaya ba. Yawan mai aljihunka yake ci, ya kashe fulogi, ya tara gawayi, in ya yi tsanani ya wanke man jikin silinda. Ƙarancinsa inji yake ci. Babur ɗinka iska ce kawai ke sanyaya shi, kuma fetur ɗin da ke shiga yana rage masa zafi. A rage shi a ranar bazara, bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Masu Suzuki A100 da Yamaha YB100 sun fi kowa sanin wannan, don a injinsu fistin har hujewa yake yi. Shi ya sa shawarar rage jet ta fi tayar mini da hankali.

A ganina bakanike na biyu ya fi kusa, ciwon ƙarancin mai ne, amma maganinsa ba ƙaton jet ba ne. A fara saita tafet, wato tazarar bawul, da sanyi a kan milimita 0.08, a duba kwantak da tayimin in naka mai kwantak ne, don su ma suna kwaikwayon ciwon kafireto. A wanke tanki, a jiƙa jet a busa shi da iska, a sa sabon gaskit. Sannan sukurun haɗi: a murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, a nemi inda silo ya fi daidaita. In yana ɓangaren iya-kilina, sassauta shi iska yake ƙarawa, in yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. Sai in ya nemi wuce zagaye uku za a yi maganar canza ƙaramin jet. Ko a nan ka karanta lambar da ke jikin naka, ka nemi na kamfanin Keihin, domin lambar jet ɗin kamfanin Mikuni ba ta daidai da tasa, na kasuwa marasa suna kuma sau da yawa lambar daban ramin daban. Na asalin da aka cire ka ƙulle su a leda ka ajiye, kada ka baro su a gareji.