Stamford, Stratford ko Bicester: wanne ya cancanci kuɗin jirginka?

Wanda ya je Landan hutu ko duba ɗa mai karatu, ba a jimawa hayaniyar birnin kan ishe shi, ya fara tambayar wane ƙaramin gari zai leƙa ya dawo a yini guda. Mutanenmu sun fi ambaton Bicester da Stratford-upon-Avon. Ni dai Stamford nake tura kowa.

Bicester ba garin ake zuwa gani ba, shagunan rangwame na Bicester Village da aka buɗe a 1995 ake bi. In jaka da takalmi kike nema, Hajiya, bismillah. Stratford kuwa mahaifar Shakespeare ce, amma a lokacin zafi turereniya za ka yi ta yi da baƙi, kuma kusan kowace ƙofa da kuɗinta.

Stamford na gundumar Lincolnshire, a bakin kogin Welland. Cinikin gashin tumaki ne ya fara azurta garin, daga baya ya zama zango a kan babbar hanyar Landan zuwa arewa. Har yau masaukin George, inda kekunan doki ke yada zango a da, yana nan da allonsa na katako da ya ratsa titi daga gefe zuwa gefe. Da dutsen yankin aka gina yawancin gidajen, sama da 600 daga cikinsu doka ta hana a rushe, kuma a 1967 garin ya zama na farko a Ingila da aka keɓe don kare tsofaffin gine-ginensa. Ranar Juma'a kasuwa ke ci a titin Broad Street: rumfunan kifi, cuku, furanni da kayan lambu, daf da gidan gajiyayyu da attajiri William Browne ya kafa a 1475.

Daga tsakiyar gari da ƙafa za ka taka zuwa Burghley House, katafaren gidan da William Cecil, babban na hannun daman Sarauniya Elizabeth ta Farko, ya gina tsakanin 1555 da 1587. Shiga gidan da kuɗi, kuma a rufe yake lokacin sanyi, amma filin da ke kewaye da shi kyauta ne, ga barewa suna kiwo. Masu son doki su nufi farkon Satumba, lokacin gasar Burghley. Jirgin ƙasan da za ka shiga zuwa Stamford daga tashar King's Cross ta Landan yake tashi, a sauya a Peterborough, inda akwai masallatai da abincin halal.

Abin da nake fara dubawa yanzu shi ne wa ke riƙe da lokacina. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya taɓa karɓar kuɗinmu da alƙawarin garuruwa uku. A mota muka ƙare yinin, ko sallar azahar sai a gurguje a wurin ajiye motoci. Duk tallar da ta ce gari uku ko huɗu a rana ɗaya, ka bar musu kayansu.

Sai masu sayar da tikitin jirgi "rabin kuɗi" a WhatsApp, waɗanda sun fi kowa ɓata mini rai domin da sunan 'yan'uwantaka suke zuwa. Wasu tikitin yara suke yanko maka, wasu na masu katin rangwamen ɗalibai, kai kuwa ba ka da katin. Mai duba tikiti ba ya jin "ban sani ba": tarar fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar. Wasu ma hoton tikiti guda suke tura wa mutum biyar. Ka saya a tasha ko a shafin kamfanin jirgin, kuma in za ka kama ɗaki ta intanet ka tabbatar Stamford ta Lincolnshire ce, domin akwai wata a Amurka.