Wata uku ina koyon gina akor ɗin jaz wurin wani malami a Garwa

Shekara shida ina kaɗa jita a bukukuwa nan Garwa ta Kamaru da akor (wato sautukan da ake haɗawa a kaɗa tare) uku zuwa huɗu waɗanda kowa ya sani. Da sha'awar jaz ta kama ni, sai na sayo wani littafi a Yawunde, cike da zanen yadda ake ɗora yatsu, ɗaruruwa. Na yi ta hadda, yau in riƙe, jibi ya zube. Shi ya sa da aka yi mini kwatancen wani malami, mutumin kudu da ya daɗe a garin nan yana kaɗa wa coci, ban yi wata-wata ba. Sau biyu a mako, bayan la'asar, jaka goma ta sefa a wata.

Ranar farko ya karɓi littafin ya kife shi a kan tabarma. Ya ce, "Ƙanena, ajiye wannan tukuna, gini za mu koya." Akor ɗin da ake kira na bakwai, in ji shi, sauti huɗu ne: tushe, na uku, na biyar, na bakwai. Do, mi, sol, si, shi ne mai sanyin nan da ke kwantar da rai. Ka sauke si rabin mataki ya koma si bemol, sai akor ɗin ya zama mai neman inda zai sauka. Ka sauke mi shi ma, ka shiga mino, wato akor mai sautin jimami. Ashe rabin littafina abu guda ne ake ta juyawa.

Inda na fi cin moriyar kuɗina shi ne da ya sa na jefar da na biyar gaba ɗaya. Tushe, na uku, na bakwai, yatsu uku kawai. Ya ce Freddie Green, wanda ya riƙe jita a ƙungiyar Count Basie a Amurka daga 1937 har rasuwarsa a 1987, da 'yan sautuka kaɗan irin haka ya riƙa ɗauke makaɗa sama da goma, bugu huɗu-huɗu ba fashi. Sannan ya nuna mini tafiyar da jaz ya fi yi, daga re zuwa sol zuwa do. Re a tsirkiya ta biyar gida na biyar (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita), fa a ta huɗu gida na uku, do a ta uku gida na biyar. Za ka koma sol, fa na nan inda take, do ce kawai ke zamewa gida ɗaya ta zama si, tushe ya koma tsirkiya ta shida gida na uku. Za ka sauka do, si ta tsaya, fa ta zame ta zama mi. Ya kama ɗan yatsana da hannunsa ya ja shi gida ɗaya, ya ce in rufe ido in saurara. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mu da muka tashi da garaya da molo, kunnenmu bai saba da wannan ɗan zamewar ba, amma da zarar ya kama ta ba ya saki.

Mako biyar muka yi a nan, muna zagaya duk sautuka goma sha biyu. Ban ga ɓata lokaci a ciki ba, ko da yake wani ɗalibi da muka fara tare ya gaji ya daina zuwa.

Akwai inda raina bai so ba. Da muka zo salon da ake ɗaukar sauti na biyu daga sama a mayar da shi ƙasa, don akor ya bazu a tsirkiya huɗu da ke jere, sai ya yi ta sauri. Kowane akor yana da juyi huɗu, wato hanya huɗu ta jera sautukansa, ga rukunin tsirkiya uku, ya tattara mini su a zama biyu. Har yau juyi na uku na yi mini gardama. Bayaninsa kuma, in ya yi zurfi, Faransanci ne zalla, ga shi ba ya rubuta komai sai ka roƙa. Sau uku na tarar ya tafi gwajin waƙar coci bai aiko mini saƙo ba, na yi asarar kuɗin mashin a zafin watan Afrilu, wanda duk mutumin Garwa ya san shi. Ya rama biyu, ɗaya ta bi ruwa. Na kuma so a ce mun gwada waɗannan akor a kan waƙoƙinmu na gida, shi kuwa hankalinsa na kan na Amurka kaɗai.

Wanda bai iya danne tsirkiya ta fita tas ba, ya dakata tukuna, don malamin ba ya komawa baya. Wanda kuma hannunsa ya faɗa, yana ta fama da hadda kamar yadda na yi, ya je da littafin rubutu da biro, ya kuma nemi izinin ɗaukar darasin a waya.

Na biya kuɗin wata na huɗu ranar Asabar. Na roƙe shi mu koma kan juyin nan a hankali kafin mu taɓa akor ɗin da ake sauke wa sauti na biyar, ya ce to, in zo da sababbin tsirkiyoyi don nawa sun yi tsatsa.